Siraran Ƙafafun da Na Sa wa Keken Baba

Keken mahaifina ya girmi aurena, ya girmi aikina na koyarwa. Gwanjo ne, wani ɗan'uwansa ya kawo masa daga Kano, Baba ya kai wa mai gyara aka sa masa hannu mai tsayi irin na dattawa, da taya masu kauri, da kariya a baya. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya ɗaure goro da ɗan sukari a kariyar, ya tattare babbar rigarsa, ya kama hanyar Bande. Kafin a kai Bande akwai wata hanya da ke ratsewa cikin rairayi, ita ke kai mutum ƙauyen yayarsa. Gwaggo ta makance tun ina ɗan lekol, wato ɗan makarantar boko, kuma duk ɗakinsu su biyu suka rage. Yakan zauna wurinta su sha hira, ya komo Magarya da magariba.

Ni ne ɗansa na fari, kuma Baba mutumin dā ne, yana jin kunyata yadda iyaye ke kunyar ɗan fari. Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ko muna zaune a tabarma ɗaya, in yana da magana da ni sai ya dubi Inna ya ce, "Ki ce wa yaron nan kaza." Ƙannena yana yi musu faɗa, yana hana su, yana ƙwace abinsa daga hannunsu. Ni kuwa bai taɓa ce mini a'a ba, don ba ya iya faɗa. Duk gidan an san haka, ni ma na sani.

Wata babbar Sallah ɗan ƙanwar Inna ya zo daga Yamai. Ya shiga wata gasa ta 'yan birni, wadda ake iyo, a fito a hau keke, a sauka a yi gudu. Na ce masa in a Magarya ne sai dai ya jira damina ya yi iyon da shanu a tafki. Muna cikin dariya ya hango keken Baba jingine a zaure. Ya tsuguna, ya shafa shi, ya ɗaga shi da hannu ɗaya.

"Kai, ka san abin da tsohon nan ke hawa kuwa? Jikin keken ga na tsere ne. An dai lulluɓe shi da kayan ƙauye."

Da ma ina da ciwo a rai. Sau biyu ina shiga tseren keke da ake yi a garinmu ranar fet, wato bikin ƙasa, da keken aro, sau biyu ina zuwa a wutsiya, 'yan ajina na bakin hanya suna ihu, suna kirana yadda ake kiran malami a nan, "Mushe, a taka!" Mutumin da ke tsawata wa yara sittin da safe bai kamata a gan shi yana haki a bayan tela da mai sayar da kankana ba. Ban ɓoye wa ɗan'uwan nawa ba, shi kuma bayan mako biyu ya aiko mini da kwali a motar kasuwa. Tsofaffin kayansa ne. Akwai hannu mai ƙaho biyu da suka miƙe gaba, da 'yan matasai inda mutum zai ɗora gwiwar hannu ya kwanta, iska ta bi ta bayansa ta wuce. Akwai ƙafafu biyu baƙaƙe, marasa nauyi, tayarsu ba ta fi kaurin babban yatsa ba.

Na sami Baba yana alwala, na ce, "Baba, ina so in ɗan gyara keken nan."

Bai dube ni ba. Ya ce wa Inna, "Ki ce masa keke ai na gida ne."

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba yanzu. Na san wannan ba amincewa ba ce. Na san ita kaɗai ce amsar da yake da ita gare ni, ko da gidan na ce zan rushe. Na tambaye shi ne don in sami abin faɗa daga baya.

Mai gyaran keke na bakin tasha ya juya ƙafafun a hannunsa, ya yi tsaki. "Mushe, tayar ga ba ta san rairayi ba. Tsohon fa, da me zai je ƙauye?" Na ce masa gyara na kawo, ban kawo shari'a ba. Ina da saurin fushi, musamman in an faɗa mini abin da na riga na sani. Ya cire hannun, ya cire kariyar, ya cire tsofaffin ƙafafun. Ya tambaye ni ko zan tafi da su, na ce ya bar su nan, don ban so in shiga gida da su Baba ya gani. Kafin wata ya ƙare sun koma ƙarƙashin kurar wani ɗan ga-ruwa.

Da na kawo keken gida Baba ya zagaya shi sau ɗaya, ya ɗora hannu a kan ƙahon, ya ce, "Ki ce masa ya yi kyau."

Ranar Juma'a ina ɗakina na ji ƙarar sarƙa. Na leƙa ta taga. Baba ya rasa inda zai ɗaura goron, ya cusa shi a aljihu, ya tura keken waje ya hau. Mutum mai shekara saba'in da babbar riga, kai ƙasa, baya sama, hula na neman faɗuwa. Masu zama a dakalin maƙwabcinmu suka kau da kai don kada su yi dariya. Bai kai ƙarshen layi ba ya sauka, ya turo keken ya mayar zaure, ya shiga ɗaki. Ni kuwa na ja labule. Shekarata talatin da huɗu, ina da 'ya'ya biyu, na ɓuya a bayan labule.

Abin kunyar shi ne na ji daɗin keken nan ƙwarai. Da asuba nakan hau kwalta in kwanta a kan ƙahon, in ji iska na zuba a kunnena, in wuce amalanken shanu kamar a tsaye suke. Ran tsere na zo na uku. 'Yan ajina suka ɗaga ni sama. Baba bai je kallo ba, ya dai ce wa Inna a ce mini barka.

Inna ta yi ta fama da shi ya hau kabu-kabu, babur ɗin haya, ya ce shi ba buhun gero ba ne da za a ɗora a baya. Sai ya koma ba wani direba goron ya ajiye a Bande, duk mai wucewa ya ƙarasa da shi, da saƙon cewa yana nan tafe. Haka aka yi shuka, aka yi noma, gero ya fid da kai. Ina gani, ina cewa mako mai zuwa zan mayar da komai yadda yake.

Inna ce ta gaji. Wata Juma'a ta miƙo mini ƙullin goro ta ce, "Tunda kai ne mai tashi sama, kai wa gwaggonka."

Kwaltar kam na cinye ta kafin in yi zufa. Ina ratsewa cikin rairayi ƙafar gaba ta nutse, na kife. Na tashi, na tura, ƙaya ta huda tayar baya. Ƙarshe a kafaɗa na ɗauki keken tseren, na shiga ƙauyen mata masu daka suna tambayata ko lafiya.

Gwaggo na zaune a inuwar rumbu, ta sa tabarma biyu, ɗaya ba kowa. Na yi sallama, fuskarta ta ɗan faɗi kafin ta gyara ta. Bayan gaisuwa ta laluba ta kama hannuna.

"Ɗan nan, ka gaya mini tsakani da Allah. Me na yi wa ubanka?"

Ta ce ta bi maganganunsu na ranar ƙarshe ɗaya bayan ɗaya, ta kasa gano inda ta ɓata masa. Abin da ta tuna kawai ta tsokane shi ta ce goronsa ya fara ƙanƙancewa, tsufa ya sa shi rowa. "In shi ne, ka ce masa wasa nake. Ka ce ya zo ko ba goro."

Keken yana jingine a jikin rumbun, taku uku daga inda take. Na buɗe baki na ce, "Gwiwa ce ke damunsa, Gwaggo."

Ta yi ajiyar zuciya, har da murmushi, don gwiwa ta fi fushi sauƙi. Ta sa aka ɗebo mata man shanu a ɗan gwangwani da wata saiwa, ta yi mini bayanin yadda za a shafa, ta maimaita sau biyu. Na kawo wa Baba, na faɗi saƙon kaina a ƙasa. Ya riƙe gwangwanin ya daɗe yana dubansa. Gwiwarsa lafiya lau take, duk mun sani. Ya ce wa Inna, "Allah ya saka mata." Da ya mare ni da na fi samun sauƙi.

Washegari na koma wurin mai gyara. Bai ce ai na gaya maka ba, ya dai karɓi keken ya jingine. Sai da aka yi mako uku kafin a samo ƙafafu masu kauri da suka dace da jikin keken, aka sa hannu mai tsayi, aka ɗaura sabuwar kariya. Na goge shi na ajiye a zaure ran Alhamis.

Da aka sauko Juma'a Baba ya ɗaure goronsa ya tura keken waje. Wannan karon ban ɓuya ba, na tsaya a ƙofa. Ya hau, ya taka sau biyu, hannun keken ya yi ta rawa, ya sa ƙafa ƙasa. Ya sake gwadawa, keken ya karkace har sai da ya dafa katanga. Wata huɗu bai hau ba, kuma jikin tsoho ba ya ajiye abu ya dawo ya same shi. Ya tsaya yana numfashi, sannan ya kwance goron daga kariyar. Ya leƙa cikin gida ya ce wa Inna, "Ki ce wa yaron nan ya nemo mini mai kabu-kabu, wanda ba ya gudu."