Turancin Baba Tsaki

A ɗakin wankin otal ɗinmu akwai wani mai guga da muke kira Baba Tsaki. Ban taɓa son sa ba, shi ma bai taɓa ɓoye cewa ganina yana ɓata masa rai ba. Dogo ne, siriri, ya tsufa a kan teburin guga. In ka gaishe shi ya yi tsaki. In ba ka gaishe shi ba ya yi tsaki biyu, ya ce yaran yanzu ba tarbiyya. Matarsa ta rasu tun da daɗewa, 'yarsa ɗaya ce, malamar asibiti, kuma a gidanta yake kwana. Aikinsa kam ba a kushe shi. In ya goge riga sai ka ji nauyin saka ta.

Ni ke kula da injinan wanki, kuma ni kaɗai ke jin Turanci a ɗakin. Manajarmu ba ta jin Hausa ko ta sannu, saboda haka duk abin da za a gaya mata sai ya bi ta bakina. Da ta sauko duba aiki sai Baba Tsaki ya ajiye dutsen guga ya fara. Ya zagi zafin ɗakin, ya zagi zannuwan gado, ya zagi takalminta mai ƙwas-ƙwas, ya ce in faɗa mata ba ta da imani. Ni kuma in juya in ce mata Baba yana gaisuwa, ya ce yau akwai ɗan zafi. Ta yi murmushi, ta gode, ta hau sama.

Abin da ke cin sa kuwa ƙafa ce. Kafin azahar ƙafafunsa sun kumbura sun cika silifas. Kujera mai tsayi kawai yake buƙata ya riƙa guga a zaune, amma girman kai ya hana shi tambaya, ga tsoron kada a ce ya tsufa a sallame shi. Na taɓa cewa bari in roƙa masa. Ya nuna ni da yatsa ya ce, “In ka ambaci ƙafata a gaban matar nan, Allah ya isa tsakanina da kai.”

Wata rana ya gane ina tace masa magana. Ya zuba masifa har wuyansa ya yi jijiya, na faɗi kalma uku, Manaja ta yi dariya ta dafa teburinsa. Tana fita ya juyo kaina a gaban kowa.

“Munafuki! Ni in yi ta zuba kai kana shanyewa? Ɗan koren mata kawai. Tun yaushe kake cinye min magana?”

“Baba, aikinka nake kare maka.”

“Ubanka ne ya ba ni aikin?”

Maganar ta yi min ciwo ƙwarai, don ubana ya rasu kuma ya sani. Na ce a raina shi ke nan, na cire hannuna.

Ya je gida ya tsare 'yarsa, ya ce ta koya masa yadda Turawa ke cewa an ishe su. Ba zagi yake so ba, in ji shi, yana son magana mai nauyi wadda za ta zauna a ƙirjin mutum. Ita kuma ta ɗauka da maƙwabta yake, ta ba shi guda ɗaya: “I am fed up with you.” Ta ce ma'anarta na gaji da kai, ka kai ni wuya.

Daga ranar muka shiga uku. Ya faɗa wa dutsen guga in ya ƙi zafi. Ya faɗa wa rigar baƙo mai yawan maɓalli. Ya faɗa wa mai shara, wadda ta ce masa amin. Ni kuwa safe da yamma nake sha, yana kallon tsakiyar idona yana jan kowace kalma, ya ga ko ta kama. Kuma gaskiya ya iya ta tsaf, don tsohon ba daƙiƙi ba ne, mugun hali ne kawai ya yi masa yawa.

Ranar da Manaja ta sauko, ya gyara wuyan rigarsa ya tare ta a tsakiyar ɗaki. Ya faɗa mata jimlar tasa, da ƙarfi, ba gargada.

 Fuskarta ta canja, amma ba ta yi fushi ba tukuna. Ta sassauta murya ta yi masa tambaya da Turanci, sannan ta dube ni. Na buɗe baki ke nan ya ɗaga min hannu.

“Rufe min baki! Yau da bakina zan yi.”

Na rufe. Ta sake tambayarsa a hankali. Bai gane ko kalma ɗaya ba, kuma ba shi da wata jimla a ajiye, sai ya maimaita tasa, ya ƙara da yatsa a gaban hancinta. Ta tambaya a karo na uku. Ya sake maimaitawa, yana waigen mutane su shaida. Nan ta ja baya, ta ce in gaya masa ya tattara kayansa ya same ta a ofis. Wannan kam na fassara masa daidai, ban rage komai ba.

Da ya fito daga ofis an sallame shi, da jakar ledarsa a hannu, ya tarar da ni a bakin matakalar fita ina shan iska. Ya tsaya yana haki, ya dafa bango don ya sauke nauyi daga ƙafa ɗaya.

“Kai, me take ta cewa ne ɗazu?”

“Cewa ta yi me ke damunka, me kake buƙata ta yi maka.”

Ya dubi ƙafafunsa, ya daɗe. Ya ɗago ya dube ni.

“To me ya sa ba ka gaya min ba?”

“Ai ka ce in rufe baki, Baba.”

Ya fara hawa matakalar, yana ɗora ƙafa ɗaya ya jawo ɗayar, ni kuma na koma ciki don injin ya gama juyawa.