Ranar da Fiyanon Kawu ta Rangaɗa Guɗa

Sati uku ke nan, amma har yanzu in na ji guɗa sai gabana ya faɗi.

Kawuna, ƙanen Umma, yana da ɗan situdiyo a ɗakin zauren gidan Kaka a Yalwawa, inda yake haɗa wa mawaƙan biki kiɗa. Cikin kayansa akwai wata tsohuwar fiyano da ya samo a gwanjo. Fuskarta duk ramuka ne da maɓallan murɗawa, sai an soka gajerun wayoyi daga wannan rami zuwa wancan take fitar da murya. Da ita yake cin abinci, kuma ya sha faɗa cewa in ta ƙone bai san mai gyaran ta ba.

Ran nan ya tafi suna Kiyawa, ya bar mini makulli in share ɗakin. Ni kuwa tun da na gama sakandare kitso nake yi, ba na iya ganin abu a cukurkuɗe in wuce. Wayoyin nan sun harɗe kamar kan da ya yi wata biyu ba tsifa. Na zare su, na goge ƙura, na yi musu kalaba, na mayar da kawunansu inda nake zaton na ciro su. Sai na kunna don in tabbatar.

Ban taɓa komai ba ta saki guɗa. Siririya, mai rawa, ba numfashi. Na fita a guje, takalmina ɗaya a ɗakin na baro shi.

Kaka ta fito da carbi a hannu tana tambayar wa ya haihu. Maƙwabciyarmu har ta leƙo yin barka. Na nuna ɗakin da yatsa, Kaka ta shiga da bisimilla ta zare soket. Na wuni ban ci ba, ina ta lissafin yadda zan gaya wa Kawu na ƙona masa sana'a.

Bayan la'asar ya dawo. Ya daɗe yana kallon kalabar.

"Uwata," haka yake kira na don sunan Kaka gare ni, "ita ma biki za ta?"

Ya rage sauti, ya kunna. Guɗar ta dawo, na maƙale a bakin ƙofa. Ya ce ba duk wayoyin ne ke ɗaukar sauti ba. Wasu 'yar wuta suke kaiwa, kamar saƙo: murya ki hau, ki sauka, ki buɗe baki, ki rufe. Ya fara zare su ɗaya bayan ɗaya yana saurare. Ta farko, ba abin da ya canja. Ta biyu, shiru. Ita ce ta riƙe bakin a buɗe. Ya mayar. Ya zare ta uku, sai rawar ta tsaya, murya ta miƙe sak.

"Ga ta. To ina ɗaya kan nata yake?"

Duk baƙaƙe ne, ya rasa ta a cikin kalabar. Dole na matso, na bi silin da yatsa har ƙarshe. Daga inda wuta ke hawa da sauka ta fito. Wurinta ramin da ke tausasa murya, ni kuma na soka ta a na tsayin murya. Tsumman da na goge ƙura da shi kuma ya murɗe maɓallin saurinta har ƙurya.

"Kawu, ba ta ƙone ba?"

"Lafiyarta ƙalau. Abin da kika sa ta ne take yi."

Kafin ya gyara sai da ya naɗi guɗar, wai za ta shiga waƙar amarya. Kaka ta saurara ta taɓe baki, ta ce wannan ba ta iya juya harshe ba, a kira ta ta yi musu ta gaske.

Kalabar tana nan, ya hana a tsefe. Shara kuwa ina yi, amma a bakin tebur tsintsiyata take tsayawa.