Haihuwa a Bakin Ruwan Yeji

Talata ce. Ƙarfe shida na ɗora tukunyar koko a ƙofar gidanmu a Zongon Kumasi, kamar kullum. Cikina wata takwas. Mijina Hamidu, kafinta ne a unguwar Anloga, yana ɗaure zartonsa a bayan keke. An ce baƙi marasa takarda su bar ƙasa, wa'adi kuma ya cika. Ba mu ɗauka da mu ake ba. A Kumasi aka yanke mini cibi, kakana ne ya zo daga Nijar.

Ƙarfe bakwai na ji usur na 'yan sanda. Sai takalma. Sai ƙarar ƙofofi ana ɓallewa.

"Ku fito! Takarda!"

Hamidu ya buɗe baki zai yi bayani, aka sa masa kulki a haƙora. Tukunya ta kife a ƙafata. Wani ya hankaɗe ni, na faɗa bakin kwata. Da na miƙe, zanina ya jiƙe sharkaf. Faya ta fashe, ba naƙuda.

"Hau! Hau!"

Da azahar muna cikin lori, a tsaye, an nufi arewa da mu. A Yeji muka tarar da motoci jere, ana jiran jirgin fito. Ruwa na ta bin ƙafata. Zazzaɓi ya rufe ni.

Laraba da la'asar na haihu a ƙarƙashin lori, wata tsohuwa ta kare ni da mayafinta. Namiji. Ya yi kuka, ya kama nono. Hamidu ya yi masa huɗuba da bakinsa a kumbure.

Alhamis da hantsi ya ƙi nono. Yana nishi ƙasa-ƙasa, haƙarƙarinsa na lotsawa. Jikinsa ya yi zafi, ya koma sanyi. Leɓɓansa suka yi duhu. Na bi motoci ina tambayar likita. Babu. Ƙarfe biyu jirgi ya yi kuka, nishin ya tsaya. Hamidu ya ari shebur wajen direba.

Shekaru sun ja kafin 'yata Rabi, da ta zama ungozoma a asibiti, ta gaya mini abin da take zato. Wata ƙwayar cuta ce da ke zaune a jikin mace ba ta damun ta. In faya ta fashe aka daɗe ba haihuwa, sai ta kama jariri.

"Inna, yanzu allura ake yi wa uwa tana naƙuda," in ji ta.

Na haifi shida. Biyar aka raɗa wa suna.