Ƙanƙarata Ce, Ba Nonon Hajo Ba

Jama'ar Wurno da kewaye, a saurara da kyau: daga yau ni da ƙanƙara mun raba gari.

Makon jiya na sha fura, cikina ya ɓaci. Ina samun sauƙi na je majalisa na yanke hukunci cewa nonon Hajo ne, Bafulatanar da ke kawo mana daga wajen Achida. Nan da nan rabin unguwa suka daina sayen nononta.

Sai ga Asma'u, 'yar ƙanena, mai binciken digiri na biyu kan ƙwayoyin cutar da ke bin abinci su shiga cikin mutum. Na saba tsokanarta cewa wasu na karatu su zama likitoci, ita ta ƙare a leƙen abin da ido ba ya gani.

Ta ɗebi nonon, ta ɗebi ruwan randa, har ƙanƙarar da nake saye a tasha in jefa cikin fura. Ta tafi Sakkwato da su. Jiya ta dawo.

"Baffa, nonon Hajo lahiya lau. Ƙanƙararka ce."

"To mi ya hana abokina Malam Sani kwantawa? Ƙwarya guda munka sha!"

"Abin da nike bincike ke nan. Kowane ciki da irin tarbar da shika yi ma baƙo. Naka tabarma ya shimfiɗa ma ƙwayoyin cutar."

Yau na sayi nono a gaban majalisa. Hajo ta auna mini daidai, ba gyara, ba murmushi.

Na yi kuskure. Wanda ya san yadda ake lallashin Bafulatana ya taimaka mini da shawara a ƙasan wannan rubutu.