Mai Gada, Wanda Ya Mayar Mini da Muryata

Ranar Litinin, tara ga wannan wata, jim kaɗan bayan la'asar, matata ta tsaya a bakin ƙofar ɗakina da waya a hannu, ta kasa shigowa. Da na ɗaga kai sai ta ce, "Mai Gada ya rasu." Na Allah muke, kuma gare shi muke komawa. Ciwon ƙirji ne na 'yan kwanaki, wanda shi kansa ya raina yana cewa gajiya ce. Na so in yi salati da ƙarfi kamar kowa, amma kwamfutata a kashe take, ni kuwa ba ni da bakin magana sai ita. Haka na zauna ina motsa leɓe har ta gama kunnuwa.

Wanda bai san ni ba, bari in yi masa bayani. Ni tsohon malamin lissafi ne. Shekarun baya likitoci suka gano ciwon daji a maƙogwarona, suka ce sai an cire shi, kuma murya za ta tafi tare da shi. Kafin aikin, aka zaunar da ni a wani ɗan ɗaki a asibiti na yi ta karanta jimloli ana naɗa, aka zuba su cikin wata manhaja. Tun daga nan duk abin da na rubuta sai ta faɗe shi da muryata, har da kaushin nan da ɗalibai suke kwaikwayo a bayan idona. Da ita nake gaisawa, da ita nake yi wa mai gyaran famfo faɗa.

Rannan tsohuwar kwamfutar ta mutu murus. Kamfanin da ya yi manhajar ya daɗe da rufewa, ita kuma an gina ta ne don wani tsohon tsarin kwamfuta da aka daina yi. Sababbin kwamfutoci ba sa jin yarenta. Duk shagon da muka shiga sai a ce, "Baba, ai zamaninta ya wuce, a sa maka sabuwa." Sabuwar kuwa muryar wani baƙo ce mai santsi, wanda da ji ka san bai taɓa tsawata wa kowa ba. Na ƙi ta, na koma rubutu a takarda ina miƙa wa mutane.

A nan ka shigo, Mai Gada. Ɗalibina ne kai a da, ɗan bencin baya, mai kwance rediyon mutane ana tsakiyar darasi. Na sha ƙwace maka sukudireba. Ashe ka girma ka shiga cikin wasu mutane da ke warwatse a duniya, waɗanda ba ka taɓa ganin fuskar yawancinsu ba, kuna gina wata manhaja kyauta mai tsayawa tsakanin tsohuwar manhaja da sabon tsari. Ka ce mini, "Malam, tafinta ce kawai. Tsohuwar ta nemi abu da yarenta, tamu ta juya mata, ita kuma tana zaton har yanzu a gidansu take." Gada kake kiranta, shi ya sa sunan ya bi ka.

Ina ganin ɗakin aikinka har yanzu, can bayan gida: fanka mai ƙara, tsofaffin kwamfutoci jere a ƙasa an cire musu murfi, da kofunan shayi da matarka ke zuwa kwashewa tana mita. Bayan makonni ka kira mu ka ce manhajar ta buɗe. Na rubuta sallama, na danna. Sai wata murya ta fito siririya tana sauri, kamar ta yaron da aka aika yana tsoron ya manta saƙo. Duk awon da ka yi ya nuna komai daidai yake, amma kai ba allo ka kalla ba, matata ka kalla.

"Mama, shi ne?"

Ta girgiza kai. "Wannan ba mijina ba ne."

"To ba mu gama ba ke nan."

Haka kake aiki. Ba ka taɓa cewa abu ya gyaru don ya buɗe ba, sai mai shi ya ce ya gane kayansa.

Abin da ka gano daga baya har yau yana ba ni mamaki. Tsohon tsarin nan yana da kuskure wajen ƙidayar lokacin sauti, yana ɗan nawa. Masu manhajata, maimakon su jira a gyara, sai suka sa tasu ta riƙa sauri don ta cike giɓin. Gadarku kuwa ba ta da wannan kuskure, daidai take ƙidaya, shi ya sa muryar ta zarce. Magani ɗaya ne: ka ƙera kuskuren da hannunka ka dasa shi cikin gadar. Ka zo gidana kana dariya, ka ce, "Malam, shekara da shekaru kana zabga mini jan biro a kan kuskure, yau ga shi da gangan zan yi maka." Na rubuta maka a takarda cewa shi ma sai na duba.

Ranar gwaji na biyu, na rubuta sunan da nake kiran matata da shi tun farkon aurenmu, na danna. Ta juya ta fuskanci taga, kafaɗunta suna rawa. Wannan karon ba ka tambaye ta komai ba. Ka miƙe ka ce bari ka duba ko shayi ya tafasa.

Abokan aikinka ba su so ba, kuma da gaskiyarsu. Wa zai yarda a dasa kuskure cikin aikin da dubban mutane ke amfani da shi, saboda tsoho ɗaya? Ka yi ta jayayya da su a rubuce har suka sakar maka, bisa sharaɗin kai za ka riƙa kula da wurin. Ba sau ɗaya ba wani sabon shiga mai kyakkyawar niyya ya gan shi ya gyara, kai kuma ka bi baya ka mayar. Duk lokacin da za ku fitar da sabon zubin gadar, sai ka biyo ta gidana da yamma ka sa ni magana, ka sa Mama ta saurara. Abu ɗaya ke ba ka haushi, in na fara rubuta maka doguwar godiya.

Yanzu na san abin da ke gabana. 'Yata ta hana kwamfutata sabunta kanta, amma wannan na ɗan lokaci ne, kwamfutar ma za ta tsufa ta mutu. Wataƙila wani cikin abokanka ya ɗauki nauyin wurin nan, wataƙila wani ya share shi yana ganin alheri ya yi. Ina jin tsoro, kuma ina jin kunyar tsoron, domin abin da matarka da 'ya'yanka suka rasa ya fi murya nesa ba kusa ba.

Jiya na je gidanku gaisuwa da kwamfutar a jaka. Mahaifiyarka tana zaune a falo cikin mata, idonta ya yi raunin da ba za ta iya karanta takarda ba. Na ɗora kwamfutar a gwiwa, na rubuta gaisuwa, na danna. Ta karkato da kai ta ce, "Malam, kai ne? Ai an ce mini ba ka magana."

Na ce, "Ɗanki ne ya mayar mini, Inna."

Sannan na faɗa musu abin da zan ci gaba da faɗa har ranar da muryar za ta ɗauke. Allah ya jiƙanka, Mai Gada, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya sa aljanna ce makomarka. Allah ya ba mahaifiyarka da matarka haƙurin wannan rashi, ya raya 'ya'yanka ya yi musu albarka. Mu da muka saura, Allah ya sa mu cika da imani.

Falon duka ya amsa da amin, kuma sun ji ni sarai.