Injin Ja da Tayar Amalanke

Na daɗe ina tuƙa wa Alhaji mota. Shi ɗan kasuwar hatsi ne a Damagaram, yana sayen gero da dawa da gyaɗa a kasuwannin ƙauye, ni kuma nake kai shi in dawo da shi a wata mota kat-kat mai buɗaɗɗen baya. Da rani ba mu da damuwa. Da damina kuwa akwai wata ƙorama a hanyar Durum wadda ta san mu, muka san ta. Yashinta yana shan ruwa ya yi laushi, kana isa tsakiya sai ka ji mota ta zauna kamar an shimfiɗa mata tabarma.

A bakin ƙoramar akwai ɗan ƙauye, a ƙauyen akwai wani dattijo mai shanun huɗa biyu. Duk motar da ta kafe, shi ake kira. Ba ya ƙin zuwa, amma ba ya sauri. Sai ya gama gaisuwa tsaf: gida, iyali, gajiya, ruwa, labarin birni, har lafiyar mutanen da bai taɓa gani ba. Sannan ya ce kowa ya sauko a rage wa shanu nauyi. Alhaji ya sauko cikin taɓo da takalminsa na Makka, mutanen ƙauye suna turi suna cewa, "Alhaji, sa hannu mana, ai motarka ce." Wannan saukowar ita ke ci masa rai, ba ɗan abin goron da yake ba su ba.

Wata rana ya ga motar wani furoje na raya karkara da injin ja a gaba, wato naɗin igiyar ƙarfe mai ƙugiya a baki, wanda batir ke juya shi. Aka gaya masa mota tana fitar da kanta da shi. Bai huta ba sai da aka kawo masa irinsa a kwali.

Kwana biyu muka yi a gareji. Mai gyara ya ce parshok ɗinmu, ƙarfen gaban mota, ba zai ɗauka ba, sai mai walda ya ƙara masa ƙarfe mai kauri an ɗaure shi da jikin shasi. Alhaji ya yarda, amma ya ce a ɗaga injin sama kaɗan, don in aka sa shi ƙasa mutane ba za su gan shi ba. Suka yi ta ja-in-ja har aka tsaya a tsakiya. Aka ja wayoyi biyu masu kauri zuwa batir, aka miƙo mini wani ɗan abu mai maɓalli biyu, ɗaya na saki ɗaya na naɗi. Mai gyara ya ce a fita bayan gari a gwada. Alhaji ya ce ba a gwada sabon abu a cikin ƙasa. Ya sa aka mayar da ledar da injin ya zo da ita, aka ɗaure da roba.

A ƙofar gareji, gaban mutane, ya juyo gare ni.

"To, Malam direba, ni na yi nawa. Daga yau in muka kafe har aka ɗaura mana shanu, ba laifin hanya ba ne, naka ne. Ranar ka ajiye mini makulli."

Na ce, "To, Alhaji." Ina da iyali, kuma ba ni da wata sana'a sai wannan sitiyari.

Cikin kwalin akwai ɗan littafi da rubutun Turawa da hotuna. Lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar, sai na kai wa mushenmu, wato malamin ajin. Ya duba ya bayyana mini abin da ba wanda ya gaya wa Alhaji: injin ba ya jan mota haka kawai, sai an saƙala ƙugiyar a jikin abin da ya fi motar tsayawa, kamar babbar bishiya. In babu bishiya, a haƙa rami a binne tayar ajiya, a saƙala a jikinta. Kuma a ɗora tufa mai nauyi a kan igiyar, don in ta tsinke kada ta yi bulala ta yanke mutum.

Na kai wa Alhaji wannan bayani a shago. Ya ce, "A binne taya? Mutuwa ta yi? Kai ka fara karatu jiya, yau za ka koya mini abin da na saya." Na ce aƙalla mu riƙa tafiya da tayar ajiyarmu. Ya ce wurinta yana cin buhu biyu, kuma shi bai taɓa ganin taya ta yi riba a kasuwa ba. Ta ci gaba da zama a bayan shago inda ta saba.

Wata biyu injin yana gaban mota cikin leda. Mutane suna zuwa kallo, Alhaji yana shafa shi yana bayani.

Ranar da abin ya faru mun taso daga kasuwa bayan azahar, an loda gero har ya wuce kan mota. Gabas ta yi baƙi. A ƙoramar ba ruwa tukuna, amma duk wanda ya san wurin ya san in aka yi ruwa a can sama, ba ya sallama kafin ya iso. Na shiga a hankali yadda na saba. A tsakiya ta zauna.

Ba a jima ba sai ga mutanen ƙauye, dattijo a gaba da shanunsa. Bai ma kai ga tambayar iyali ba Alhaji ya leƙo ta taga.

"Baba, yau ku huta. Ku nemi wuri ku zauna ku yi kallo."

Dattijo ya ce, "Madalla." Ya zauna a bakin gaɓa, sauran suka jeru kusa da shi. Shanun ma suka tsaya suna tuƙa.

Na yage ledar, Alhaji yana cewa in bi a hankali. Na saki igiya, na ɗauki ƙugiya na haura gaɓa, na yi ta tafiya har igiyar ta ƙare. Na duba dama, gero. Na duba hagu, gero. Na tsaya da ƙugiya a hannu.

"Me kake jira?" in ji Alhaji. "Ajiye ta ka danna!"

"Alhaji, sai an saƙala ta."

"Na ce ka danna."

Na ajiye ta a ƙasa, na dawo na danna. Injin ya yi ƙara mai daɗi. Ƙugiyar ta taso daga gona, ta gangaro gaɓa tana jan ciki kamar ƙadangare, ta zo ta tsaya a gaban mota. Motar ko motsi ba ta yi ba. Wani daga cikin masu kallo ya ce, "Kai, tana da ladabi, ta san gida." Dattijo bai yi dariya ba. Ya ce, "A sake mana, ni ban gani da kyau ba."

Alhaji ya hango wani ɗan gawo a gefen gonar, kaurinsa bai wuce dantsena ba. Ya ce in saƙala a nan. Sai dattijo ya miƙe.

"Alhaji, kai ɗan Damagaram ne. Tun zamanin kakanni ba a taɓa gawo a ƙasar nan, ka fi ni sani. Wannan ni na tsare shi daga awaki shekara da shekaru. In ka tumɓuke shi, da ni da kai da 'yan gandun daji."

Iska ta fara kaɗawa da sanyi. Alhaji ya ɗaga gilas. Na san minti kaɗan ya rage ya ce a ɗaura shanu, kuma na san abin da zai biyo baya. Na je na durƙusa gaban dattijo na gaishe shi gaisuwa cikakkiya, wadda ba a yi masa ba. Ya amsa duka, bai rage ko ɗaya ba. Sannan ya ce, "Ɗana, me ke ciki? Fuskarka ba ta mai sabon inji ba ce."

Na gaya masa maganar makulli. Na gaya masa maganar rami da taya, da cewa tamu tana bayan shago a Damagaram.

Ya kalli shanunsa. Ya ce, "Wato in su suka ja, kai ka tafi."

"Haka ne, Baba."

"In tayarsu ce ta ja fa?"

Ya aika aka kwance taya ɗaya daga amalanken shanun, aka gangaro da ita. Ya nuna gefen gonarsa inda ba shuka, ya ce a haƙa. Mutanen da in turi ne shida sun isa, yau sai da aka tara sun fi goma, da hauya da shebur, suna karɓa-karɓa. Suna haƙa suna tambayar wa za a sallata. Da ramin ya kai ƙugu na naɗa sarƙar amalanke a jikin tayar, muka kwantar da ita, na yanka ɗan lungu inda sarƙar za ta bi, muka mayar da ƙasa muka tattake.

Dattijo ya je ya ƙwanƙwasa gilas.

"Alhaji, injin ya ce a rage nauyi."

"Injin ne ya ce?"

"Direbanka ya fassara mana."

Alhaji ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga abin da muka riga muka gani: wani siririn ruwa ja ya fara biyo tsakiyar yashi, ya taɓa tayar baya. Ya sauko. Aka sauke rabin buhuna, na sa aka jibge su a kan ramin don su danne tayar. Alhaji da kansa ya kama kunnen buhu, ba wanda ya ce masa ya sa hannu.

Saura tufar da za a ɗora kan igiya. Na nemi bargo, babu. Mutanen ƙauye duk 'yar shara ce a jikinsu. Dattijo ya dubi babbar rigar Alhaji, shadda mai aiki har ciki, ya ce, "A nan dai ban ga mai nauyi kamar wannan ba." Ruwa ya kai idon sawu. Alhaji ya tuɓe.

Na kori kowa nesa da igiya, na shiga na ta da mota, na danna. Igiyar ta miƙe, rigar ta tashi sama tana lilo, buhunan suka ɗan motsa, sannan suka tsaya. Motar ta yi nishi. Na saki, na bar batir ya huta, na sake dannawa ina ba ta wuta kaɗan kaɗan. Sau huɗu na yi haka. A na huɗun tayoyin gaba suka kama gaɓa.

Muna tone tayar amalanke ruwan ya iso da gaske, da kara da itace a kansa. Inda motar ta zauna ɗazu babu abin da ake gani. Aka mayar da buhuna cikin yayyafi. Alhaji ya sallami masu haƙa, ya ɗauki rigarsa da baƙin man igiya a gadon baya, ya naɗe ta ya ajiye a cinya. Dattijo ya ce a gaida mutanen birni, ya fara lissafa su ɗaya bayan ɗaya. Alhaji ya tsaya ya amsa.

Da muka hau gudro, hanyar kwalta, sai Alhaji ya juyo gare ni.

"An ɗaura shanu?"

"Ba a ɗaura ba, Alhaji."

"To."

Da muka isa na kashe mota, na miƙa masa makulli yadda nake yi kullum, ina kallon hannunsa. Ya ce, "Riƙe. Gobe da sassafe akwai kasuwar Dakusa."

Washegari kafin mu tashi na tarar da shi a ƙofar shago, maƙwabta sun kewaye shi, yana ba su labarin yadda injin ya fizgo mota da kayanta kafin mutum ya ƙifta ido, 'yan ƙauye suna zaune baki buɗe. Ya hango ni ya ce, "Ga direba nan, ku tambaye shi. Ko ba haka aka yi ba?"

Na ce, "Shanu dai ba su ja ba, Alhaji."

Ya ce, "Kun ji ko?"