Katin da ya hana mota zuwa

An raina ni, na tashi na rama, ramuwar kuma ta sauka a kan wadda ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Haka abin yake, ba zan shafa masa mai ba, kuma har in koma ga Mahaliccina ba zai fita daga raina ba.

Ina da shekara arba'in da ɗaya na fara riƙe fensir, a ajin yaƙi da jahilci na Batsari, bayan na sauke kaskon ƙosai. Daga nan na yi ta turawa har na kai ga kwamfuta. Shi ya sa duk wanda ya dubi rubutuna ya yi murmushi, ba na jiran a fassara mani murmushin.

Ƙungiyarmu ta mata tana da wata manhaja ta taimakon masu ciki. Mace za ta yi rajista da lambar wayarta da kwatancen inda take. Ranar naƙuda sai a yi wa lambarmu filashin kawai, manhajar ta gane mai kira, ta tura saƙo ga direban a-kori-kura mafi kusa. Lambar da ba ta cikin jeri kuwa ko motsi manhajar ba ta yi. Direbobin ne suka gindaya wannan sharaɗi, kuma da gaskiyarsu, don a ƙasarmu ba a shiga daji saboda kiran baƙuwar lamba.

Wadda ta gina manhajar wata injiniya ce mai zama a Katsina. Ita ta kawo mana allon tsara aiki a kwamfuta, mai gida uku: za a yi, ana yi, an gama. Duk gyaran da ake so sai a rubuta shi a kati, kowane mako biyu mu zauna mu zaɓi na gaba. Ni ke rubuta yawancin katunan, tunda ni ke taka ƙauyuka.

Ga inda ta ɓata mani rai. Ban taɓa rubuta kati ya wuce salin alin ba. Sai ta kira ni ta ce me nake nufi da kaza, in matar ba ta da waya fa, in wayar ta miji ce kuma ya tafi kasuwa da ita fa. Kati ɗaya sai ya yi wata yana zaune. Ni kuwa abu guda nake ji a cikin duk tambayoyin nan: tsohuwar mai ƙosai ba ta san abin da take rubutawa ba.

Ana haka sai ta zo da sabon abu. Ta haɗa allon namu da mataimakin nan na ƙirƙirarriyar basira mai rubuta manhaja, yadda in aka tura kati gidan "ana yi", shi zai karanta ya yi aikin da kansa. Ta ce in gwada. Na rubuta a ƙara girman haruffa saboda direbobi masu raunin ido. Kafin shayina ya huce ya gama. Sai dai ta bar wa kanta ƙofa: ba abin da zai isa wayar mutane sai ta duba ta sa hannu.

Nan na tashi a gaban kowa a taron ƙungiya. Na ce na'ura ta gane Hausata a minti biyar, ita ce mai digiri take kasa ganewa a wata guda? Me ya rage mata a tsakani ban da jan rai?

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Hajiya, shi ma yana tambaya. Amma abin da ya san akwai shi kaɗai yake tambaya. Bai taɓa zama a Batsari ba."

Na ce, "Ke ɗin zama kike yi? Da hantsi kike zuwa, kafin la'asar kin tsere."

Aka kwashe da dariya. Shugabarmu, wadda ba ta son shiga bakina, ta ce a buɗe mani ƙofa, aikin katina ya riƙa wucewa ba sai injiniyar ta sa hannu ba. Lokacin mahaifin injiniyar yana kwance a asibiti a Kano, hankalinta a rabe yake, sai ta sallama. Abu ɗaya ta roƙa, kada in taɓa jerin sunaye sai ta dawo. Na ce na ji. Ji dai na ji.

Ba a yi kwana goma ba wata ma'aikaciyar jinya ta tare ni da ƙorafi, wai matanmu rajistar mota kawai suke so, awo ba sa zuwa. Raina ya ɓaci, don ni na sha rana a kansu. Na koma ofis na rubuta kati: duk wadda ta tsallake awo sau biyu a jere a fitar da ita daga jeri. Na ja shi zuwa "ana yi" da hannuna. Mataimakin ya tambaye ni, a cire su gaba ɗaya ne ko a sa musu alama kawai? Na ce a cire, in sun ji jiki za su zo. Ya cire. Har nuna wa mutane na yi, ina cewa ku ga aiki ba gardama.

Abin da ban rubuta ba shi ne goyon ciki. Mai cikin fari, in wata ya kai bakwai, gidan iyayenta take komawa ta haihu a can. Ni ma haka aka yi mani, haka na yi wa 'ya'yana biyu. Wa zai tsaya rubuta cewa rana daga gabas take fitowa? To, wanda na ba aikin bai san gabas ɗinmu ba.

Akwai matar wani mahauci a Wagini, cikin fari, ni na yi mata rajista tana rufe fuska da mayafi don kunya. Da za ta koma wurin iyayenta a Runka har mijin ya zo muka gyara kwatance, muka sa lambar uwarta. Amma awonta a gefenmu yake, hanyar kuma ba wadda mai tsohon ciki za ta yi ta bi ba ce a irin kwanakin nan. Ta tsallake biyu.

Naƙuda ta zo mata da hantsi. Uwar ta yi filashin ta zauna jira, saboda ni da bakina na sha gaya musu kada su wahalar da kansu neman kowa, mota za ta zo. Direbanmu kuwa yana cikin Runka a ranar, yana lodin wake, tafiyar da ba ta kai a shanye kofin ruwa ba a mota. Sai da azahar ta gota suka fid da rai, aka ɗora ta a babur aka nufi Safana. Ita Allah ya yi da sauran kwananta. Ɗan bai zo da rai ba.

Na je gaisuwa rana ta uku, ban ma kawo katin a raina ba. Bayan mun gaisa mun yi addu'a, uwar ta kwance haɓar zaninta ta ciro wata 'yar waya naɗe a leda ta miƙo mani.

"Hajiya, ke da kika yi boko, duba mani. Ko ni ce ban iya dannawa ba? Tun ranar ban sami sukuni ba."

Na duba. Lambarmu ce, ba kuskure ko ɗigo, kira bayan kira a jere har ƙasa. Nan take na gane. Kuma ni ɗin nan da ake tsoron bakina, na buɗe shi na ce wataƙila sabis ne ya yi rauni. Ta ce, "Ko dai hannuna ne." Na taho na bar ta da wannan zargin.

Ina isowa Batsari na buɗe kwamfuta. Ga sunanta cikin waɗanda aka cire, kuma yawancin na kusa da ita masu cikin fari ne. Na kira injiniyar na zayyana mata komai. Na shirya jin "ai na faɗa miki", har na fi son ta faɗa. Ba ta faɗa ba. Tambaya ta yi, kamar kullum: su wa da wa ne watansu ya kama? Kafin magariba ta mayar da kowa, ta rufe ƙofar da na sa aka buɗe.

Shekaru sun shuɗe, har yanzu muna aiki da allon da mataimakin, kuma ba na ɗora masa laifi. Abin da na ce shi ya yi, har ya ba ni damar janyewa na ƙi. Abin da na koya shi ne mai tsayar da kai da tambaya ba lalle raina ka ya yi ba, wani lokaci mutanen da ka manta ne yake ƙirgo maka. Ni ciwon da na taho da shi daga kaskon ƙosai ne ya toshe mani kunne.

Washegarin ranar gaisuwar nan, da sassafe na sake shiga motar Runka. Na tarar da uwar tana sussukar gero a tsakar gida. Ban bari ta shimfiɗa mani tabarma ba, na durƙusa a ƙasa gabanta na ce, "Iya, daidai kika danna, ba sabis ba ne kuma. Ni ce na cire sunan ɗiyarki."